Akwatin Baba Soja da yawon takardun Iya

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, Baffa ya kira ni zaure ya miƙo mini mabuɗi guda ɗaure da tsumma. Ya ce, "Kai ne ɗan lakwal. Ga akwatin tsoho, ka duba abin da ke ciki, ka ga yadda za a yi kuɗinsa su dawo hannun Iya." Na sa hannu biyu na karɓa, na ce to. A raina aikin mako biyu ne. Sai da gero ya nuna aka fara girbi ina kan yawon nan.

Kakanmu ya rasu bayan ƙaramar salla ta 2024, tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun unguwar Birni a Damagaram ke riƙe zafin rana har tsakar dare. A gida ya cika, kan shimfiɗarsa, radiyonsa na gefen matashi. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi. Duk unguwa Baba Soja ake ce masa, har mu jikoki. Ni kuma ɓarawon mata yake kirana, don Iya tun ina rarrafe "maigida" take ce mini, shi kuwa ya ce ya ga ranar da zan iya kawo mata ko tiya ɗaya ta gero.

Da dare na buɗe akwatin. Na ƙarfe ne, koren soja, tsatsa ta ci gindinsa. A sama akwai jar dara da asu ya huda, da lambobin yabo uku cikin gwangwanin madara. Ƙarƙashinsu ɗan littafin soja na zamanin Faransa, da katin tsohon mayaƙi, da littafin fansho na sojan Nijar. Can ƙasa kuma kaye, wato littattafan rubutu, goma sha ɗaya irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da robar tiyub. Na ture su gefe, don na ɗauka lissafin cefane ne.

Littafin sojan na fara karantawa. Hoton wani saurayi ne a ciki, mai kaurin wuya, kunnuwa a tsaye, yana hararar mai hoto. Wajen ranar haihuwa an rubuta "né vers 1936", wato an haife shi wajajen 1936. Ba shi kaɗai ba, duk tsararsa haka aka yi musu: Bature ya dubi haƙori da ƙirji ya yanka shekara. An ɗauke shi soja a 1956. Hatimi na bin hatimi: Zinder, Yamai, Marsai, sai Fréjus, garin da Faransa ke tara sojojinta baƙar fata a kudancin ƙasar, daga nan Aljeriya, inda aka yi yaƙin neman 'yanci daga 1954 zuwa 1962. Ya dawo gida bayan Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ya shiga rundunar ƙasa da aka kafa a 1961, ya yi Agadas, ya yi Gigimi, ya yi Tawa, ya ajiye kaki a 1976.

Shekara talatin ina zama kusa da mutumin nan, ban taɓa jin ya ba da labarin Aljeriya ba. In ka matsa masa sai ya ce, "Akwai sanyi," ya juya zancen. Amma ka ce masa kokowa, to ka nemi wurin zama.

Takardar farko ita ce shaidar rasuwa. Tun da ba a likita ya rasu ba, sai da na bi ta wajen mai unguwa, sannan ofishin magajin gari. Wannan bai ba ni wahala ba, kuma shawarar da zan ba duk wanda aka yi wa rasuwa ita ce kada ya bari ta kwana. Akwai wa'adi, in ya wuce sai ka bi ta kotu, mu kuwa mun saba sai an share makoki ake tuna takarda. Na samu tawa cikin kwana huɗu, har na fara jin kaina gwani.

Daga nan na nufi inda tsofaffin sojoji ke zama. Na tarar da dattawa uku a inuwar bedi, ɗaya na gyangyaɗi. Da na faɗi ko jikan wane ne ni, suka yi masa addu'a, wani ya ce, "Allah ya jiƙan kafaran." Na ciro katin Faransa na ce kuɗin nan nake so a mayar wa Iya. Mafi tsufansu ya juya katin gaba da baya ya miƙo mini. Ya ce, "Yaro, wannan tare da mai shi ake binne shi."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Kuɗin tsoho iri biyu ne. Na katin mayaƙi, wanda Faransa ke biya sau biyu a shekara, tukuici ne na wanda ya je fagen fama, ba a gadonsa. Fanshon shekarun aiki shi ne matar mamaci ke samun kaso a ciki, na kakanmu kuwa a hannun gwamnatin Nijar yake, tun da a nan ya cika shekarunsa. A gida kowa ya sa rai a kan "kuɗin Faransa", har Gwaggo ta fara lissafin gyaran ɗakin Iya kafin damina. Ni aka bar wa kai wannan labari, kuma ban ji daɗin kai shi ba. Ko da ma akwai ƙofar da za a buga, ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon shekarar.

Dama kuɗin nan tarihinsu ba daɗi. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ya tsaya inda yake shekara da shekaru, alhali na Faransawan da suka kwana rami ɗaya da su yana ta hawa. Sai a 2007 aka daidaita kuɗin katin mayaƙi. Na tuna ranar da ya karɓo na farko bayan ƙarin. Ya sayo mana tsire, ya zauna yana kallonmu muna ci, ya ce an biya bashi bayan masu bin bashin sun ƙare. Abokan tafiyarsa da yake lissafawa a Damagaram a lokacin ba su cika yatsun hannu biyu ba.

To, saura dosiyen Nijar. Wani ma'aikaci ya rubuta mini jerin takardu a bayan wata tsohuwar ambulan: shaidar rasuwa, takardar zaman dangi da ke nuna magada da wakilinsu, takardar haihuwar Iya, takardar aure, hotuna, da shaidar cewa ba ta sake aure ba. Da na karanta wa Iya ta ƙarshen, tana zaune kan tabarmar takaba da carbi a hannu, sai ta yi dariyar da ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Ta ce, "To maigida, ai kai za ka sa hannu. In na yi wani auren kai za a fara tambaya."

Zaman dangi ya zo da 'yar hayaniya, kamar yadda aka saba, amma Baffa ya iya da 'yan'uwansa. Inda na fara cin ƙasa shi ne wajen suna. Duk ɗan Nijar ya san wannan ciwo: mutum ɗaya, Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan, Mamane a ta uku. Na kakanmu ya fi haka, don a littafin Faransa sunan ƙauyensu aka liƙa masa a matsayin sunan uba. Ma'aikacin ya jera takardun a tebur ya ce, "Malam, mutum uku ka kawo mini. Wanne ne ya rasu?" Na ce duka ukun. Bai yi dariya ba. Sai da na koma kotu aka yi takardar da ke shaida cewa sunayen nan na mutum guda ne. Sau uku ina zuwa: ran farko mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, ran na biyu babu wuta balle a buga, ran na uku aka ce tambur ɗin da na sayo ba irinsa ba ne. Ban riƙe kowa a zuciya ba, amma tsakanin tambur da fotokofi da kuɗin kabu-kabu na ga bayan jaka goma sha biyar kafin in ankara.

Sai babbar, takardar aure. Babu ita, ba a taɓa yin ta ba. An ɗaura aure a ƙofar gida, an raba goro, an shafa fatiha, shi ke nan. Yadda aka yi tsoho ya gama aikin soja ba tare da ita a akwatinsa ba, Allah masani. Wataƙila an yi ta ɓace a wani bariki. Kotu ta ce a kawo shaidu biyu da suka halarci ɗaurin auren, a kuma faɗi shekara. Iya ta ce ita dai ta san da kaka ne, an gama ɗaurin gero. Shaida ɗaya muna da ita, ƙanwarta da ke Garin Malam. Na biyu fa? Waliyyi ya rasu, liman ya rasu, abokan ango sun rasu. Na yi mako biyu ina bin tsofaffi daga Zango zuwa Sabon Gari, kowa sai ya ce shi dai ya tashi ya gan su tare.

Wani dare da zafi ya hana barci, kuma famfo ya kwana uku bai kawo ruwa ba, ina jiran mai garuwa, sai na jawo kayen nan na kwance robar, don kawai in rage dare.

Ashe kayen kaye ne. Shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙen boko irin na wanda ya koyi rubutu a bariki: TAHOUA 1975. Shekarar da aka fara kokowar ƙasa ke nan, zamanin Seyni Kunce, kuma yana aiki a Tawa lokacin, da idonsa ya ga Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga nan bai tsallake ko gasa ɗaya ba. Kowace shekara da garin da aka yi, da sunayen 'yan kokowar Damagaram, da wanda ya kayar da wanda aka kayar. Sunaye da lambobi da boko, sharhi kuma da ajami a gefe. "Ƙafa ce ta ci shi." "Alƙali bai gani ba." "Wannan laya ta fi shi nauyi." Shekarar da Langa-Langa ya kawo takobi Damagaram, shafi guda ya ba shi, ya zana takobi da jan biro. Haka ya yi wa Balla Haruna. Kayen ƙarshe ya tsaya a Agadas, ƙarshen 2023, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida. Rubutun ya karkace, hannu ya fara rawa, amma a gefe ya sa: "Namiji ne, ko da ba namu ba."

Na san yana son kokowa, wa bai sani ba? In lokacin gasa ya zo, jihohi takwas kowace da 'yan kokowarta goma, gidanmu ba a magana mai ƙarfi. Yana da talabijin ɗin da Baffa ya sayo masa, amma sai ya kashe muryarta ya kunna Muryar Sahel a radiyo, wai masu radiyo sun fi sanin abin da suke gani. In ɗan Damagaram ya shiga fili, zai miƙe tsaye, zani a kafaɗa, yana karkata jiki kamar shi ake kamawa. In an yi gasar a nan, tun hantsi yake kama hannuna mu tafi filin kokowa na Langa-Langa, ya saya mini rake, ya nuna mini yadda ake gane wanda ya tsorata tun daga tafiyarsa, kafin makaɗa su gama zuga shi. 'Yan cali-cali na ba mutane dariya, shi ko kallonsu ba ya yi. Sauran wasanni ma bai bar su ba. Yana ba da labarin Isaka Dabore da ya ciyo wa Nijar tagulla a damben Olimfik na 1972 kamar ƙanensa ne, kuma ranar da Alfaga ya samu azurfa a wasan tekwando na Olimfik a 2016 sai da ya sa aka yanka zakara. Mena kuwa, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Nijar, da ta je gasar Afirka karon farko a 2012, ya ce ko ba su ci kowa ba sun ga hanya.

Abin da ban sani ba yana bayan kayen. In ka juya shi ta baya, lissafi ne. Sunayenmu ne, mu jikoki goma sha huɗu, kowa da layinsa. Kuɗin rajista, kaye da biro, takalmi, maganin zazzaɓi. A layina na ga "keke, jaka 35", shekarar da na shiga kwaleji. Keken nan har ranar nan na ɗauka mahaifina ne ya saya. Na ga kuɗin motar da na shiga zuwa Yamai jami'a, har da na guzurin ƙilishi. Duk wata shida, in kuɗin katin nan ya zo, kwana biyu ne ya watse a kanmu. Na zauna a tsakar gida da tocila a baki ina juya shafi, har mai garuwa ya yi sallama sau biyu ban ji ba.

A cikin sharhin ajamin ne na yi ta cin karo da wani mutum da yake kira "makaɗina". "Na je da makaɗina." "Makaɗina ya ce yaron nan ba zai kai ba." Da safe na tambayi Iya. Ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, yana nan da rai kuwa? Ai shi ya yi kiɗan bikinmu." Ta ce rabonta da labarinsa tun da ya makance ya koma wajen 'yarsa a Mirya.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Mirya, na hau mota. Tafiyar ba ta kai ta kilomita ashirin ba. Na yi tambaya wajen masu sayar da ganguna da fatu, aka haɗa ni da yaro ya kai ni. Na same shi a ƙofar gida kan buzu, tsoho tukuf, idanu sun yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, jikan Baba Soja ne na Birni." Ya ce in matso. Ya shafa fuskata, ya sauko wuya, ya matsa kafaɗuna biyu, ya ce, "Wuyan ne, amma ba a yi aiki da shi ba." Sannan ya tambaya, na faɗa masa. Bai ji rasuwar ba. Ya yi shiru mai tsawo yana motsa baki.

Da ya dawo, shi ya ba ni abin da babu a littafin soja. Kakanmu ɗan kokowa ne. Kafin soja, in an gama girbi, ƙauye-ƙauye suke bi, shi da walki da guraye, wannan da ganga, kuma kaka uku a jere ba a kai bayansa ƙasa ba a yankinsu. Da aka aiko wa mai gari ya kawo samari aikin soja, wa zai bayar in ba wanda kowa ya ga ƙirjinsa a dandali ba? Ya ce, "Kokowa ce ta kai shi Aljeriya." Ya dawo da kafaɗar dama a goce, hannun ba ya ɗaguwa sama da kai. Ya gwada shiga fili sau ɗaya, wani yaro da bai kai shi ba ya kayar da shi, daga ranar bai ƙara ɗaura walki ba, ya kuma roƙi makaɗin kada ya sake yi masa kirari a gaban mutane. Mu mun tashi mun ga ba ya iya ɗora kaya a kai, muka ɗauka tsufa ne. Iya ta sani, 'ya'yansa manya sun ji ƙishin-ƙishin, amma tun da mai abu bai so a faɗa ba, ba wanda ya faɗa.

Na kawo zancen shekarar aure. Ya ce wannan mai sauƙi ne: kaka biyu kafin a jefa wa shugaban ƙasa Diori gurneti a filin idi. Wannan kuwa a littafin tarihi yake, babbar sallar 1965 ce, a Yamai. Kaka ta 1963 ke nan. Da na dawo na gaya wa Iya, ta ƙirga da haihuwar Baffa a yatsunta, ta ce haka ne.

Saura fitar Iya, ga ta cikin takaba, wata huɗu da kwana goma. Gwaggo ta ce sam, sai ta fita. Muka tambayi malamin unguwa, ya ce lalura ce, ta je da rana ta dawo kafin magariba, ba ado ba turare. Na ɗauko shatar adaidaita, na je Mirya da sassafe na taho da tsohon da jikarsa mai yi masa jagora. A farfajiyar kotu suka haɗu da Iya, rabonsu da juna ya fi shekara goma sha biyar. Ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa, sai ya ce, "Amarya, har yanzu ina bin ku bashin kuɗin kiɗa." Ta ce ya je ya tambayi angon.

A gaban alƙali aka tambaye shi ko ya halarci ɗaurin auren. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na hana unguwar barci kwana uku." Aka rubuta. Aka kama babban yatsansa aka dangwala, aka dangwala na Iya da na ƙanwarta. Bayan kwana tara na karɓi takardar auren da aka ɗaura shekara sittin da ɗaya da suka wuce, ango na kabari.

Da zan mayar da shi Mirya, a cikin adaidaita, muna wuce filin kokowa jikarsa ta ce masa ga fili nan. Ya sa aka tsaya. Bai sauka ba. Ya ɗora tafin hannu a kan gwiwarsa ya fara bugawa a hankali, ya yi kirarin da aka hana shi yi tun kafin a haifi mahaifina, ƙasa-ƙasa, yadda mu uku da mai adaidaita kaɗai muka ji. Na so in ɗauka a waya, hannuna bai tafi aljihu ba. Abin da na riƙe kaɗan ne, na rubuta shi a kaye na goma sha ɗaya, ƙarƙashin Agadas.

Na ajiye dosiye cikakke a watan Satumba, aka ba ni 'yar takarda mai lamba aka ce za a aika Yamai, in riƙa leƙowa. Ina leƙawa duk ƙarshen wata. 'Yar takardar tana cikin akwatin, cikin gwangwanin lambobin yabo. Iya ta fita takaba, ta koma saƙar faifanta, ba ta cika tambayar kuɗin ba.

Da sanyi ya shigo aka fara sanarwar kokowar bana, na shiga gaishe ta da safe na tarar ta sauko da radiyon daga kan taga tana goge shi da gefen zane. Ta ce, "Maigida, batir ɗin nan ya mutu. Ka sayo manya guda huɗu, ka haɗo da sabon kaye."